Kwana Uku Babu Sabis

Mu Hausawa ba ma cewa jikin mara lafiya ya yi tsanani. Ko da ƙyar yake jan numfashi, in ka tambaya sai a ce maka da sauƙi. Na san wannan tun ina yarinya, ni ma na sha faɗa wa mutane hakan da bakina. Amma da abin ya zo kan mahaifiyata, aka yi ta ce mini da sauƙi, sai na saki jiki na yarda, kamar wadda jiya ta fara jin Hausa.

A lokacin muna zaune a unguwar Moss Side, cikin Manchester, ni da maigidana, a ɗaya daga cikin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, ina ɗauke da ciki wata shida. Kafin shi ciki biyu sun zube mini, shi ya sa kowa yake lallaɓa ni kamar ƙwai. Jinina ya ɗan hau, likita ya ce in ajiye aiki in huta. Umma kuwa tana kwance a asibiti a Kano, an shiga mako na uku. Kullum sai na kira Yaya, babban wanmu, wanda ragamar gidanmu take hannunsa tun rasuwar Baba. Sau biyu ina ce masa zan yanki tikiti in taho.

"Ki taho ki yi me?" in ji shi. "Jiki da sauƙi fa. Ke dai ki sauka lafiya ki kawo mata jika, shi ne maganinta."

Ina da aminiya a Perry Barr, can Birmingham. Tun makarantar kwana muke tare, gadonta a sama nawa a ƙasa. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, saboda haka rabin hutunta a gidanmu take yi, kuma Umma ce ta tsaya mata a bikinta, har tukwanen jerenta ita ta zaɓa. Da aure ya kawo mu ƙasar nan, ita gaba ni baya, sai muka ɗora daga inda muka tsaya. Babu abin da nake ɓoye mata.

Wata Alhamis ta kira ni.

"Hajiya, haɗa kaya. Gobe da safe zan zo in ɗauke ki. Na yi booking ɗin wani ɗan cottage, ƙaramin gidan haya a bakin teku, three nights, daga ni sai ke."

Na yi dariya har sai da na dafe ciki. Mu hutunmu a ƙasar nan iri biyu ne, ko a tafi gida, ko a je gidan wani a cika masa falo. Ba mu saba ɗaukar ƙafa takanas mu je kallon ruwa ba. Na ce wa zai riƙe mata yara, ta ce ubansu ba ado ba ne. Na ce sai na tambayi maigidan. Mutumin da ba ya bari in ɗaga ko tukunyar miya, ban rufe baki ba ya ce in je, har da sauko mini da akwati daga saman kabad. Na ce a raina ashe ina da gata.

Bari in faɗi abin da ban sani ba a ranar, don kada in ja mai karatu cikin duhun da aka ja ni. Tun Laraba likitoci suka ce wa Yaya ya kira duk wanda ya kamata a kira. Bai kira ni ba. Ya kira maigidana, maigidana ya kira aminiyata, su uku suka yanke cewa duk abin da ya faru ba za a faɗa mini ba sai na haihu. A da ɓoye wa na nesa mutuwa ba wuya, ƙin aika wasiƙa ne kawai. Yanzu kuwa kafin a gama wanka hoton mamaci ya cika wayoyin dangi, kowa ya ɗora da addu'arsa a ƙasa. Sai dai irin waɗannan hotuna kwana ɗaya suke yi su ɓace. Abin da su ukun suke buƙata shi ne a kai ni inda waya ba ta aiki na 'yan kwanaki, su kuma su bi mutane ɗaya bayan ɗaya su ja musu kunne. Daga baya aminiyata ta faɗa mini yadda ta zaɓi gidan. Ta zauna ta karanta ƙorafin Turawan da suka taɓa sauka a gidajen haya na garin, ta ɗauki wanda aka fi zagi saboda rashin sabis.

Ta iso da hantsi ranar Juma'a, da robar dambun nama da cincin a kujerar baya. Muka bar Manchester, muka yi ta hawa wasu tuddai marasa bishiya, babu kowa sai tumaki. Wajen awa uku muna tafe. Muna dab da isa ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Doka ta farko, kawo wayar nan. Likita cewa ya yi rest, ba ki wuni kina scrolling ba."

Na ce sai na ji muryar Umma tukuna. Na kira Yaya, ya ce barci take yi, an yi mata allura, kada a tashe ta. Na ce ya gaishe ta in ta farka. Na kashe wayar da hannuna na miƙa, ta jefa a jakarta ta ja zif. Umma tana da rai a lokacin. Da na san yadda ake ciki da na matsa an kara mata wayar a kunne, ko ba za ta amsa ba.

Garin tsoho ne, an gina shi a jikin wani dogon dutse da ya tsaya a kan teku. Gidajen masu jan rufi suna hawa kan juna daga bakin ruwa har sama, lungunan matsattsu, sun tuna mini da cikin birni, sai dai babu awaki. A ƙasa akwai matsayar jiragen masunta. A can ƙoli kuma akwai wata tsohuwar coci da maƙabarta kewaye da ita, da kangon wani babban ginin ibada da ya rushe tun zamanin kakannin kakanni, saura bangaye da tagogin da sama take leƙowa ta cikinsu. Gidanmu yana can ƙasa, ya jingina da dutsen, ƙofarsa gajeriya sai an sunkuya. Ko'ina warin gishiri da ƙamshin bandar kifi.

Gaskiya ɗaya ce, na ji daɗin garin nan, kuma jin daɗin ne yake ƙona ni har yau. Da yammar Juma'ar muka sayi kifi da soyayyen dankali a takarda muka zauna a bakin ruwa. Wani farin tsuntsun teku, ƙato kamar zakara, marar kunya, ya sauko ya fizge kifin daga hannunta. Ta ƙwalla ƙara tana salati, ni kuwa na yi dariyar da rabona da irinta tun kafin ɓarin farko. Muka cire takalma muka taka ruwan, sanyinsa ya ratsa ni har haƙori. Da muka koma ta shafa mini man zafi a ƙafafuna da suka kumbura. Na ce mata ko wadda muka fito ciki ɗaya iyakar abin da za ta yi mini ke nan, ta ce in daina surutu in ɗaga ƙafa.

Asabar da sassafe ta ce za ta hau sama ta kira yaranta, don sai a ƙolin dutsen ake samun sabis. Ta daɗe. Na haɗa shayi ya huce, na sake ɗora wani. Da ta dawo idanunta sun yi ja, hancinta ma haka.

"Ke lafiya?"

"Iskar saman nan ce, kamar ana watsa wa mutum barkono."

"Kin samu Yaya? Ya jikin Umma?"

Ta juya mini baya ta buɗe famfo a kan kofunan da na riga na wanke.

"Na same shi. Ya ce ta samu sauƙi."

Na ce alhamdulillahi. Na ci burodina da ƙwai, na ci nata da ta ture. Har tsiya na yi mata, na ce wato kwana ɗaya da rabuwa da miji har ta fara ramewa. Umma ta cika da asubar ranar. Lokacin da nake lashe cokali ana can ana haɗa ruwan wankanta.

Da hantsi muka shiga kasuwar garin, 'yan kantuna ne a jere a wani lungu mai daɓen duwatsu. A wani kanti na ga mayafai na ulu, saƙar hannu, masu kauri. Na tuna Umma tana ƙorafin sanyin ɗakin asibiti, na ce ga tsarabarta. Na rasa wanda zan ɗauka tsakanin ruwan toka da kore, na ɗaga su biyu na ce ta zaɓa, ita da ta san Umma kamar ni. Ta tsaya tana kallonsu. Sannan ta ce kore, Umma tana son kore. Ta karɓa ta ninke shi da kanta ta sa a leda.

Bayan azahar na ce yau sai na hau saman nan na ga abin da ke sa mutane jan ido. Ta yi ta hana ni, wai matakalar da ake bi a hau ta yi wa mai ciki yawa. Ni kuwa in aka ce kar in yi abu, kamar an aike ni ne. Matakalar ta dutse ce, ta lotsa a tsakiya saboda sawun mutane, kuma a kan hanya an yi wasu faffaɗan wurare da benci. A kowane benci sai na zauna na yi haki. A na uku muka tarar da wani tsoho ɗan garin da karensa, mai son hira. Ya ce mana ba don baƙi masu yawon kallo aka yi wuraren nan ba. A zamanin da, in an yi mutuwa a ƙasa, a kafaɗa ake hawa da gawa zuwa maƙabarta, to a nan masu ɗauka suke sauke akwatin su huta.

Na juya na ce mata da Hausa, "Kin ji mutane, gawa ma sai an tsaya an sha iska da ita. Mu a Kano kafin ka ɗaura alwala an kai mutum an dawo."

Ba ta yi dariya ba. Ta duba agogon hannunta, ta ce mu ƙarasa. A watannin zafi agogon ƙasar nan da na gida ɗaya ne, babu ko minti a tsakani. Ƙarfe biyu da rabi aka sa za a yi wa Umma salla a ƙofar gidanmu, saboda an jira ƙanenta da ya taso daga Jos, kuma aminiyata ta san da haka.

A sama iska kamar za ta ɗauke mutum. Duwatsun kaburburan sun yi baƙi, sun karkace, gishiri ya cinye rubutun da yawansu har ba a gane sunan mai shi. Na tsaya a jikin katanga ina kallon ruwa har inda ido ya ƙare, na ji zuciyata ta yi sanyi. Umma ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi a hanyar Makka, shi ma ta ce rufe ido ta yi. Na ce wa aminiyata ta zo mu yi mata addu'a a nan, tunda babu hayaniya. Na ɗaga hannu. Na roƙi Allah ya tashi kafaɗunta, ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya nuna mata abin da ke cikina ta goya shi a bayanta. Duk wadda na yi, matar nan tana gefena tana cewa amin. A hankali take faɗa, amma tana faɗa. Na ga hawaye a fuskarta na ce kai, baiwar Allahn nan da son Umma take, har na rungume ta ina ba ta haƙuri.

Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta duba, ta share fuska. Sai ta ce in tsaya, teku a bayana, za ta ɗauke ni hoto.

"Gyara mayafin. Haba, smile mana, kamar wadda aka yi wa dole."

Na yi murmushi.

"Bai yi ba. Dariya nake so, proper one. Tuna tsuntsun jiya."

Na tuna tsuntsun, na tuna salatinta, na fashe da dariya har na riƙe ciki. Ta ɗauka. Ta nuna mini, ya yi kyau ƙwarai, haƙorana duk a waje, iska ta ɗaga gefen mayafina. Ta ɗan matsa gefe tana danne-danne, na ɗauka da yaranta take magana.

Lahadi aka wuni ana ruwa, muka zauna a ɗaki tana yi mini kitso. Litinin kafin mu kama hanya ta fito da ledar dabino daga akwatinta ta bi maƙwabta tana rabawa, tsofaffin Turawa suna karɓa suna godiya cikin mamaki. Na ce yau kuma wace waliyya ce ta tashi, ta ce sadaka ce kawai. Ranar ce sadakar ukun Umma.

Na dawo Moss Side da sabon kitso da mayafin Umma a leda. Aka ba ni wayata, babu komai a ciki sai gaisuwar Juma'ar da ta wuce. Zauren hirar danginmu na waya, wanda a da ba ya minti goma shiru, ya mutu murus, ashe sun buɗe wani babu ni. In na kira Yaya sai ya ce likita ya hana Umma magana, amma da sauƙi. Maigidana ya hana ni zuwa islamiyya, wai in ƙara hutawa. Ya bi gidajen 'yan Najeriya kaf ya roƙe su su kama bakinsu. Injiniya ne, mutum mai tsari, bai tsallake kowa ba. Abu ɗaya ya manta, ba 'yan Najeriya kaɗai ke jin Hausa a Manchester ba.

Akwai wata dattijuwa 'yar Kumasi a layin bayanmu, takan damo mini koko tun da na samu ciki. Mijinta ya ji an yi addu'a a masallaci ya faɗa mata. Ranar Alhamis na fita sayen madara, na haɗu da ita a tashar bas. Ta saki jakarta ta kama hannuwana biyu.

"'Yata, ya haƙuri?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Da godiya," kamar yadda ake amsawa, ina zaton nauyin ciki take nufi.

"Na zo gidan ran Lahadi ban samu kowa ba, na ce ko Kano kika tafi. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta."

Na ce wace Hajiyar. Ta dube ni, na dube ta. Na ga lokacin da ta gane, ta ɗora hannu a ka. Bas ya zo ya buɗe ƙofa ya rufe ya tafi muna tsaye. Ita ta riƙe ni har gida tana ta neman gafarata, alhali ita kaɗai ce a garin nan ba ta yi mini laifi ba.

Ban faɗi ba, jinina bai hau ya kashe ni ba, cikin bai zube ba. Na yi kuka irin wanda ake yi wa uwa, kwana biyar a makare, babu tabarma babu masu shigowa. Maigidana ya durƙusa yana cewa umarnin Yaya ne. Yaya ya ce a waya shi ne babba, kuma ko gobe haka zai yi. Na ji haushinsu su biyun, amma haushi ne da na san inda zan ajiye shi. Tsoro suka ji, kuma ba su tsaya a gefena sun ce amin ba.

Mako guda ina ƙin ɗaukar wayar aminiyata. Sannan na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham ban faɗa wa kowa ba, na shiga bas zuwa Perry Barr. Ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta kori yaran sama. Ban zauna ba.

"Kore ko ruwan toka?" na ce. "Kin tuna?"

Ta fashe da kuka. Ta ce Yaya ne ya haɗa ta da Allah. Ta ce sau biyu tana riƙe ni a asibiti ina zubar da jini, ba za ta iya na uku ba. Ta ce Umma uwarta ce ita ma, ta haɗiye kukanta tana soya mini ƙwai, in tambayi kaina wa ya fi shan wuya a cikinmu.

"Kuma ban yi miki ƙarya ba. Cewa na yi ta samu sauƙi."

"Kin ce amin."

"To me zan ce? Ki faɗa mini, what was I supposed to say?"

Na zauna a kan matakalar benensu, ta zauna a ƙasa da ni, muka yi kukan tare. Na koma Manchester da yamma ina ganin na yafe, ko na kusa. Bayan wata uku na haifi mace lafiya lau, aka sa mata sunan Umma. Aminiyata ta zo ta yi kwana bakwai tana dafa mini ruwan wanka. Duk wanda ya shigo barka sai ya ce kin gani, da an faɗa miki wa ya san abin da zai faru. Nakan miƙa musu jaririyar su ɗauka.

Sai da yarinyar ta shekara muka je Kano. Na je gaida Gwaggo, ƙanwar Baba, na kai mata koren mayafin, don na gaji da ganinsa a kabad. Ta yafa ta sa albarka. Gwaggo ta tsufa, ba ta tace magana.

"Ai mun gan ki ranar," ta ce. "An dawo daga kai ta ke nan, gida ya cika, kowa yana cewa ya za a yi da ke. Sai yayanki ya aiko da waya cikin gida, ya ce a nuna mana hankalinmu ya kwanta. Ga ki nan a bakin wani ƙaton ruwa kina ta ƙyaƙyata dariya. Wayar nan hannu-hannu ta yi ta yawo, har maƙwabta. Duk wadda ta gani sai ta ce Allah sarki, ba ta sani ba. Wallahi hoton nan ya fi fita da gawar sa mutane kuka."

Na tambaye ta wa ya turo, ko da yake na sani. Ta ce ƙawar nan taki mana, 'yar albarka, yayanki ne ya ce ta aiko da shaida.

A nan na ji abin da ban ji ba a tashar bas. Ɓoyewar ina iya cewa tsoro ne. Amin ɗin ina iya cewa aminiyata ba ta da mafita. Amma dariyar nan nemanta ta yi. Na yi murmushi ta ce bai isa ba, ta lalubo abin da ta san zai buɗe mini baki, don ta san ni ciki da waje, ta ɗauka ta aika gidanmu ana zaman makokin uwata. Matan da suka goya ni suna zaune a tabarmar da ya kamata in zauna, suna kallona ina dariya. Kuma ranar da muka yi kuka a matakalar benenta, da na ɗauka ta zazzage mini komai, wannan ba ta faɗa ba.

Da na dawo na aika mata da layi ɗaya, na ce Gwaggo ta ba ni labarin hoton. Ta yi ta kira ban ɗauka ba. Ban yi faɗa ba, ban kuma yanke gaisuwa ba. Muna gaisawa da Sallah. Babbar 'yarta da ta shiga jami'a ta kama ɗaki a unguwar Selly Oak, can Birmingham, na aika mata da bargo. Amma in ciwo ya same ni ko wani abin daɗi, sai dai ta ji a bakin mutane. Garin kuma ban sake zuwa ba. 'Yata ta taɓa kawo takarda daga makaranta, ajinsu za su je can kallon kangon. Na sa hannu, na ce ta riƙe kifinta da kyau.

Bara aminiyata ta zo Manchester wani biki, ta biyo ta gidana. Muka zauna a kicin. Ta daɗe tana juya kofin shayi a hannu, sannan ta ɗago.

"Shekara takwas ke nan. Don Allah ki faɗa mini gaskiya, ya zuciyarki take game da ni yanzu?"

Na dube ta. Ta yi furfura a gefen kai, ni ma haka, kuma har gobe babu wanda ya san ni kamarta a ƙasar nan.

Na ce, "Da sauƙi."

Ba ta ce alhamdulillahi ba. Ta ajiye kofin a hankali ta ɗauki jakarta, na raka ta har bakin mota.